Amsoshin Wasiƙunku: Wa Ya Ɓata Na'urar Lura Da Tsuntsaye?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Tudun Wada, Zariya, mai sayar da hatsi, wanda ke noman shinkafa a fadamar Galma. Ya ce wasu ɗalibai sun roƙe shi ya bari su kafa 'yar na'urar ɗaukar hoton tsuntsaye a gonarsa, ya yarda. Bayan mako biyu aka tarar an datse waya, na'ura ta daina aiki. Yanzu ana zargin yaran maƙwabcinsa, har gaisuwa ta fara wuya. Yana tambaya, shin ya kai ƙara wurin mai unguwa?

To, Malam, mun gode da wasiƙarka. Amma dakata tukuna. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya. Koma gona ka dubi ɓarnar da kyau, domin kowane mai ɓarna yana barin shaidarsa.

In wuƙa ce ko reza ta yanke waya, za ka ga yankan sumul, wuri ɗaya. In kuwa ka ga an gaigaye robar, da 'yan layuka bibbiyu a jere, ga kashi ƙanana a ƙasa, to aikin ɓera ne, ko gafiya, ko kurege. Haƙoran gaba na waɗannan dabbobi ba sa daina tsiro har su mutu, shi ya sa dole su yi ta gurgurar abu mai tauri. Dirka in ta faɗi da kanta, duba gindinta, za ka ga ginin gara. Zanzaro kuma yakan toshe idon na'ura da laka, tururuwa ta cika cikinta. Sa ko akuya sukan yi susa da dirka har ta karkace, su bar gashi a jiki.

Maganin ba tsada. A sa dirkar ƙarfe maimakon ta itace. A zura waya cikin bututu. A kifa mazurarin kwano a tsakiyar dirka, bakinsa na kallon ƙasa, don ɓera ya kasa hawa. A rufe kafofi da ragar ƙarfe, a kewaye wurin da ƙaya. Wanda ya ci ƙuli-ƙuli ko kifi ya wanke hannu kafin ya taɓa na'urar, ƙamshin ne ke kiran ɓera. Amma don Allah kada a zuba guba. Ita ce za ta kashe kajinka, ta kashe mujiyar da ke cinye maka ɓeraye.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da ƙidayar tsuntsu? Ai kuwa da ruwansa! Jan-baki ɗaya yakan ci wajen giram 10 na ƙwaya a yini. Garke mai miliyan 2 ke nan zai lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. Sanin lokacin zuwansu da inda suke kwana shi ne rabin tsaron gero, dawa da shinkafa. A ƙasarmu ma akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 kusa da Jos, tana horar da ɗalibai kan wannan aiki.

Saboda haka, Malam, kira ɗaliban da maƙwabcinka ku je gonar tare, kowa ya gani da idonsa. In haƙori ne, sai a nemi gafarar yara. In wuƙa ce, a nan ne za a je wa mai unguwa. Na'ura a kan sayi wata, amma maƙwabci ba a sayensa a kasuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.