Ɗalibi Ba Fayil: Matsalar Shigar 'Yan Gudun Hijira Jami'a



Duk wanda ya taɓa bin layin tantance sababbin ɗalibai ya san abin da ake runguma a ƙirji: fayil ɗin roba mai ɗauke da sakamakon sakandare, takardar haihuwa da hotuna. Guda ɗaya ta ɓace, ma'aikaci ya turo maka kayanka ya kira na baya. To, a kawo yarinyar da ta baro El Janaina da ke Darfur a watan Yunin 2023, ta taka a ƙasa har Adre a gabashin Chadi, da ƙanenta a goye. Wa ke ta fayil ana harbi? Ba ita kaɗai ba ma, duk ajinsu bai rubuta jarrabawar kammala sakandare ta Sudan a shekarar ba, sai a Disambar 2024 aka yi ta, kuma galibin Darfur ba ta samu ba.

Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta UNHCR ta ce a 2019 kashi 1 cikin 100 na matasa 'yan gudun hijira ne ke karatun gaba da sakandare. Zuwa 2023 ya kai kashi 7, ana kuma fatan kaiwa 15 a 2030. An motsa, sai dai tafiyar hawainiya ce.

Doka kam akwai ta. Sashe na 22 na Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ya yi maganar amincewa da takardun karatun ɗan gudun hijira da sassauta masa kuɗin makaranta. Yarjejeniyar UNESCO ta 2019, wadda ta fara aiki a 2023, ta nemi ƙasashe su samar da hanyar tantance wanda takardunsa suka salwanta. Inda gizo ke saƙar shi ne teburin rajista, inda ma'aikaci ba ya da umarnin komai sai jerin takardun da aka ba shi.

Bayan takarda sai harshe. Yaron Damasak da ya tsallaka Diffa ya baro Turanci ya tarar da Faransanci. Chadi ta yi abin a yaba a 2014 da ta mayar da makarantun sansanonin 'yan Darfur kan manhajarta, domin mai bakaloriyar Chadi yana iya neman Jami'ar Adam Barka da ke Abeche kamar kowa, kuma Larabci harshen hukuma ne a can. Sai kuɗi. A Ingila, wanda aka riga aka ba matsayin ɗan gudun hijira yana biyan kuɗin ɗan ƙasa, amma mai neman mafaka, wanda bai san makomarsa ba, yawanci kuɗin baƙo ake yanka masa, ba kuma rancen karatu. Tallafin karatu na DAFI da Jamus ta kafa a 1992 ya rufa wa dubbai asiri, amma masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba.

Na fi tsayawa kan takarda don ita ce jami'a ke iya warwarewa ba sai ta jira baƙon alheri ba. A 2017 Majalisar Turai ta Strasbourg ta gwada wani tsari a Girka: ɗalibi ya cika tambayoyi kan abin da ya karanta, masana su zauna da shi su yi masa tambayoyi baki da baki, sannan a ba shi takardar da ke bayyana matakin da ya kai, mai aiki shekara biyar. Ba gurbin karatu ba ce, shaida ce da jami'a za ta dogara da ita. UNESCO ta kai irin wannan sansanin Meheba a Zambiya a 2019.

Ni dai da na karanta tsarin, dariya ta kama ni, don na san shi tun a zaure. Baƙon ɗalibi in ya zo wurin malami, ba a tambayarsa takarda. Cewa ake, "Ina ka tsaya? Ja mu ji." Kafin ya kai ƙarshen shafi an san matsayinsa.

Za a ce ƙofar 'yan damfara za ta buɗe. Tsoron yana da tushe, amma takardar jabu ta fi sauƙin wucewa a tebur fiye da mutumin jabu a gaban malaman kimiyya uku.

Roƙona ga majalisun jami'o'inmu, daga Maiduguri zuwa Diffa, Marwa da Abeche: a rubuta ƙa'idar tantance marar takarda a cikin dokar ɗaukar ɗalibai, a karɓi katin ɗan gudun hijira a matsayin shaidar mutum, a kuma caje shi kuɗin ɗan ƙasa. Zaman majalisa ɗaya ya isa a zartar da waɗannan ukun.