Kafin ka ce a cire maka haƙorin nan

Yau zancen haƙori za mu yi, musamman wanda ya bugu, ya karye, ko ya ruɓe har ciwon ya hana barci.

Mu fara da na gaggawa. Saniya ta kai maka ƙaho a baki, ko babur ya kayar da kai a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, haƙori ya fita ɗungurungum da saiwarsa. Kada ka yar. Ɗauke shi ta kan da ake tauna da shi, kar ka taɓa saiwar. In ya yi ƙasa, ɗauraye shi kaɗan da madara, ban da gogewa ko kankarewa. In za ka iya, mayar da shi gurbinsa, ka ciza tsumma mai tsabta a kai. In ba za ka iya ba, jefa shi cikin madara, ka nufi asibiti. A nan makiyayi ya fi ɗan birni sa'a, don abin adanawar yana cikin ƙwaryarsa. Amma fa madara sabuwar tatsa, ba nono mai tsami ba. Kada a ƙulle shi a leda ko bakin zane, domin in saiwar ta bushe da wuya ya sake kamawa. Sa'a guda ta farko ita ce mai daraja. Likita zai ɗaure shi da maƙwabtansa kamar mako 2. Wannan na haƙorin manya ne; na yaron da bai yi famfara ba, ba a mayar da shi, don zai iya lalata sabon da ke tafe.

To, shi haƙori ba dutse ba ne. A tsakiyarsa akwai rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, yana gangarawa har ƙarshen saiwa. In ruɓa ta ci ta kai can, ko duka ya katse jinin, sai jijiyar ta kumbura, daga baya ta mutu. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Ciwo ya yi kwana uku yana hana ka sakat, sai ya yi shiru, ka ce alhamdu lillahi na warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuwa suna nan suna tara mugunya a ƙashin muƙamuƙi. Duba madubi: haƙorin ya fara duhu? Akwai ɗan ƙurji a dasashi mai fashewa yana dawowa? Alamar ke nan.

Maganinsa ba lalle cirewa ba ne. Akwai aikin da ake kira wankin saiwar haƙori. Likita zai ɗauki hoto, ya yi allurar kashe zafi, ya huda haƙorin, ya kwashe matacciyar jijiyar da wasu siraran ƙarafa, ya wanke ramin da magani, sannan ya cike shi da wani abu mai kama da roba, ya toshe bakin. Haƙorin gaba galibi rami ɗaya ne, shi ya sa aikinsa ya fi sauƙi. Turmi kan kai uku ko huɗu. Turmin da aka yi wa wannan aiki yakan yi saurin tsagewa, don haka ake so a sa masa hula daga baya.

Yanzu ku fatake, ku kasa kunne. Aikin yakan ɗauki zuwa ɗaya, biyu, wani lokaci uku. Bayan zuwan farko zafin kan lafa, sai mutum ya ɗaure kayansa ya wuce Ƙonni ko Maigatari, bai sake waiwayar likita ba. Abin da aka toshe da shi ranar farko na wucin gadi ne, zai zube, cuta ta koma, kuɗinka ya tafi a banza. Tun kafin a fara, gaya wa likita ranakun kasuwarka ko lokacin da za ku tashi da dabbobi, ku tsara tare. Gaskiya ya fi cirewa tsada, kuma ba kowane haƙori ke cetuwa ba. Wanda ya tsage har saiwa sai cirewa. Amma giɓi ma yana da nasa farashin: maƙwabta su karkata, tauna ta koma gefe guda.

Kafso ɗin masu talla a faranti na iya saukar da kumburi na 'yan kwanaki, ba ya kaiwa cikin mataccen rami. Kanumfari yakan lafar da zafi kafin ka isa asibiti, iyakarsa ke nan. Ruwan batir, fetur da ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi kuwa ƙona nama kawai suke yi. Masu cire haƙori a bakin kasuwa da ƙarfe ɗaya ga kowa, ciwon hanta ana ɗaukarsa ta nan.

In kumburi ya haura wajen ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta yi wuya, ga zazzaɓi, kada a jira ranar kasuwa. A bar wa wani kiwon, a nufi babban asibiti mafi kusa a ranar, ko da na tsallaken iyaka ne.