ƘWAYOYIN HALITTA A GONA DA KWATA: AMFANINSU DA IYAKARSU

 

An nemi in yi tsokaci a kan wani kaya da ya shigo kasuwanninmu, wato ruwa ko gari da ake cewa yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda ido ba ya gani. Mai talla zai ce maka yana ƙara amfanin gona, ya kashe warin masai, ya narkar da shara. To ina gaskiyar take?

Abin ba baƙo ba ne. Bafilatana takan zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara, gari ya waye ta zama kindirmo. Amma a zuba shi cikin ruwan rijiya mana, me za a samu? Haka waɗannan halittu suke. Kowace tana da aikinta guda, kuma sai ta sami wurin da ya dace da ita.

Mu fara da gona. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa sinadarin naitirojin ne, wanda muke biyan kuɗi mu saya a takin yuriya. Akwai wata halitta, rizobiyam, da ke zama cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwar waken soya, tana jawo sinadarin daga iska tana ba shukar. Tun 1896 aka fara sayar da ita a Jamus. A Nijeriya, cibiyar IITA ta Ibadan tana yin irinta mai suna NoduMax. Ana cuɗa ta da iri a inuwa, a shuka ran nan. In kana son shaida, tuge shuka ɗaya ka fasa ƙullin. In cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya.

Amma fa a kula. Ba ta yi wa masara ko dawa komai. Waken ma yana bukatar takin sufa. Wake da gyaɗa kuwa sau da yawa sukan sami tasu halittar a cikin ƙasa. Sannan abu ne mai rai: in buhun ya sha rana a rumfa ko wa'adinsa ya wuce, gawa ka saya.

Na biyu, Aflasafe, shi ma daga IITA. 'Yan'uwa masu harkar hatsi, wannan naku ne. Akwai fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana zuba dafin afalatoksin, mai jawo kansar hanta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Aflasafe dawa ce da aka lulluɓe da 'yar'uwar wannan fumfuna marar dafi, a watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar dafin ta riga mai dafin kama wuri. Sai dai ba taki ba ne, kuma bai ɗauke maka shanya hatsi ya bushe sarai ba.

Akwai kuma wanda ake kira EM, da Farfesa Teruo Higa na Japan ya haɗa a shekarun 1980, ake tallarsa a matsayin maganin komai. Masana a ƙasar Suwizalan sun gwada shi a gona shekara huɗu, suka wallafa a 2010 cewa ba su ga ƙarin amfanin da halittun suka kawo ba.

Yanzu mu zo kan shara, don nan ne ya fi shafar zamanmu. Kowa ya san warin kara da kwata yakan jawo mana surutu da masu masaukinmu. Waɗannan magunguna suna iya rage wari na ɗan lokaci. Amma kashin shanu da tumbi cike suke da nasu halittun tun asali. Abin da tulin ke so shi ne a haɗa shi da busasshiyar ciyawa ko ɗusar katako, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa iska ta shiga. Zafin da yake ɗauka, digiri 55 ko fiye, shi ke kashe ƙwayoyin cuta, ya bar mana taki na sayarwa. Babu halittar kwalba da ke cin leda, gwangwani ko batir. Masai in ya cika sai an kwashe, kuma mai zuba kananzir a ciki yana kashe masu yi masa aikin ne kyauta.

Saboda haka kafin ka ciro kuɗi, tambayi mai kaya: wace halitta ce a ciki, don wace shuka, yaushe wa'adinta zai ƙare, an yi mata rajista da NAFDAC? In ka saya, gwada a kunya goma, ka bar goma a gefe, kaka ta raba gardama. Gani ya kori ji. Shawarata ga ƙungiya kuma, kuɗin da za a kashe a kan kwalabe a sayi shebur da baro, a tsayar da ranar gyaran kwata.