Jawabin ma'aikatan jinya na ƙungiya ga 'ya'yanmu sababbin ɗalibai

 

Mu da muke aikin asibiti a cikinku muka roƙi 'yan mintoci, saboda wani abu da ya faru kwanan baya. Ɗaya daga cikin 'yan matan da kuɗin adashinmu ya kai makarantar koyon aikin jinya ta dawo gida bayan satinta na farko a ɗakin marasa lafiya, ta ce ita kam ta haƙura. Karatu bai gagare ta ba. Wari ne ya kore ta. Wasu suka yi dariya. Mu ba mu yi ba, don a cikinmu nan akwai wadda ta zube ƙasa ranar da aka fara kwance gyambo a gabanta, yau kuma ita ke koya wa wasu wankin ciwo.

To 'ya'yanmu, ku saurara. Hanci yana sabawa. Mintocin farko ne masu wuya, in kin daure kin tsaya sai ki ji abin ya ragu. In kina fita kina dawowa kuwa, kullum sabo zai zame miki. Kada ki shiga aiki da yunwa, cikin da babu komai ya fi saurin tashin zuciya da jiri. In azumi ake, kada ki yi wasa da sahur. Ki ɗan shafa Robb a ƙasan hanci kafin ki sa takunkumi, ki riƙa numfashi a hankali ta baki. In kin ji jiri, ki gaya wa sista, ki fita ki zauna. Babu abin kunya. Amma don Allah humra da turare mai ƙarfi a bar su sai ranar biki: mai asma da mai amai ba sa iya ɗauka, kuma turare a kan wari ya fi warin muni.

Hausa ta raba su: akwai zarni, akwai ƙarni, akwai ɗoyi. A asibiti kowanne labari yake ba ki. Mai ciwon suga da numfashinsa ke ƙamshi kamar ruɓaɓɓen 'ya'yan itace yana cikin haɗari, a kira likita nan take. Baƙin bayan gida kamar kwalta mai mugun wari na iya nuna jini na zuba a ciki. Mai jego da jinin biƙinta ya soma ɗoyi, ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa, ba maganar ƙarin ruwan zafi ba ce. Wannan har ku iyaye ku riƙe shi. Nas ɗin da ta toshe hanci gaba ɗaya ta yar da kayan aiki guda.

Abin da ya fi damunmu shi ne fuska. Wasunmu sun yi jinyar masu yoyon fitsari, irin waɗanda ake kaiwa Babbar Ruga a Katsina. Yarinya ce sa'arku, ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, ɗan bai zo da rai ba, miji ya guje ta, an ware mata kwano da tabarma. Ta fi kowa sanin zarnin da ke jikinta. Kina shigowa, fuskarki take kallo. In kin yatsine, ta gani, kuma gobe za ta ɓoye jiƙaƙƙen zaninta maimakon ta kira ki, fatarta ta saɓule. Ki gaishe ta da sunanta, ki ja labule, ki canza shimfiɗa da wuri, ki fitar da fo a rufe, ki buɗe taga. In amai ya zo miki, ki yi shi a bayi, ki wanke baki, ki dawo.

Ku kuma iyaye, in ta dawo ta kasa cin nama, kada a ce mata ragguwa. A ajiye mata ruwa da sabulu, a wanke kayan aikinta daban, a ba ta koko ko shayi. Ƙanne su daina tsokanarta da "warin asibiti".

Yarinyar da muka fara da ita ta koma, mun raka ta da kanmu. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar za mu riƙa zama da ɗalibanmu a ofishin ƙungiya, kowace ta zo da abin da ya ɗaga mata zuciya.