TSATSA BA A RUFE TA, YANKE TA AKE YI

Jawabin wani mai gyaran jikin mota ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Dogo-Dogo

   

Malaminku ya ce in zo in yi muku magana a kan sana'ata. Ni mai gyaran jikin mota ne. Nan wajenmu a ce toliye, ƙetaren iyaka a ce fanel bita. Wani zai ce: "Ni ko keke ba ni da shi, ina ruwana da tsatsar mota?" To ɗan'uwa, ba ka da mota, amma kana shiga mota. Ita ke kai ka Dungass. Ita ke kai awakinka kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ita ke kai matarka asibitin Magaria idan haihuwa ta zo da gardama. Saboda haka maganar nan ta kowa ce.

MOTAR DA MUKA SANI

Duk kun san Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta, shekara ta 1968. A farkon shekarun 1970 aka fito da doguwar, mai ƙofa ta baya da layin kujeru 3. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Faransa ta bar ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekara ta 2000. Yau ba a yin sabuwa ko'ina. Waɗanda suka rage a hanyoyinmu duk tsofaffi ne. Idan jikin ɗaya ya mutu, babu inda za a sayo wani sabo.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Babbar mota tana da shasi, wato ƙarfe biyu masu kauri da aka ɗora jikin a kansu. Doguwar Fijo ba haka take ba. Jikinta shi ne ƙashinta. Daɓen da kuke taka ƙafa, da dokin ƙofa na ƙasa, da wurin da ƙafafun gaba suka kama, su ke riƙe da motar duka. Idan tsatsa ta ci su, ƙashin bayan mota ta ci.

ABIN DA YA FARU DA ƘANENA

Ƙanena direba ne. Ya sayar da shanu biyu, ya ƙara da kuɗin riɗi, ya sayo doguwar Fijo daga hannun wani dillali. Fara tas, fenti na walƙiya. Bai kira ni in duba ba. Damina biyu ta wuce, sai fentin ya fara kumbura kamar ƙuraje.

Wani dare aka tashe shi ya kai wata yarinya asibiti, tare da uwarta da kakarta. Akwai sanyi, sai suka rufe gilas duka. Ba su yi nisa ba tsohuwar ta ce kanta na sarawa. Jim kaɗan uwar ta fara layi tana gyangyaɗi. Allah ya sa ya tsaya, ya fito da su suka sha iska. Da safe ya kawo mini motar. Na ɗaga tabarmar roba ta baya, sai ga ƙasa ina gani. Daɓen ya huje wuri 4. Salansa ita ma ta fashe daidai ƙarƙashin ramin. Hayaƙi yana shiga cikin mota kai tsaye.

Jama'a, ku riƙe wannan. Cikin hayaƙin mota akwai wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai, da jiri, da barci. Wanda ya yi barcin nan yana iya wucewa ke nan. Idan kuna cikin mota kuka ji haka, ku ce a tsaya, a buɗe gilas, kowa ya fito.

ME KE KAWO TSATSA?

Abu 3 ne idan sun haɗu: ƙarfe, da ruwa, da iska. Fenti shi ne rigar da ke raba su. Idan rigar ta yage, tsatsa ta samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙasarmu busasshiya ce, shi ya sa mota ke daɗewa a nan. Amma muna da namu abokan tsatsa. Gishiri, da kanwa, da takin zamani idan buhu ya yage ya zuba. Fitsarin awaki da tumaki. Ruwan batir idan ya tsiyaye. Jiƙaƙƙen rairayi da taɓo da ke maƙalewa cikin madigadi daga watan Yuni har Satumba. Ruwan da ke kwana ƙarƙashin tabarma. Akwai kuma motocin da ake kawowa daga Turai ta tashar jirgin ruwa. Can, lokacin sanyi, gishiri suke watsawa a kan hanya don ƙanƙara ta narke. Irin motar nan takan zo da ciwonta a ƙarƙashi, ko da samanta na sheƙi.

YADDA AKE GANE CIWON

Ba sai da kuɗi ba. Ka samu sukudireba, da fitila, da maganaɗisu na tsohuwar rediyo.

Ka ɗaga tabarma ka duba daɓe. Ka duba dokin ƙofa, da gindin ƙofofi, da gindin ƙofar baya, da kewayen gilashin gaba, da mazaunin batir, da inda ƙafafun kariya suka kama rufi. Ka buɗe gaban mota ka duba wurin da kan ƙafar gaba ya kama, hagu da dama. Ka danna sukudireba da ƙarfi. Ƙarfe mai lafiya ba ya lotsawa. Ruɓaɓɓe kuwa sai ya marmashe kamar ƙuliƙuli.

Sai maganaɗisu. Ka bi jikin mota da shi sannu sannu. Inda ƙarfe yake, zai kama. Inda ya ƙi kamawa, mastik ne aka cusa aka shafe da fenti. A motar ƙanena na tono mastik mai kaurin yatsa biyu. A bayansa na tarar da tsumma da guntun kwali. Dillalin nan ya rufe gyambo da sabuwar riga ne kawai.

Tsatsa hawa 3 ce. Ta farko ja ce a sama, ana goge ta. Ta biyu ta yi ɓawo, ta fara cin kaurin ƙarfe. Ta uku ta huda. Ta farko ko kai kana iya maganinta a gida. Ta biyu da ta uku sai mai sana'a.

YADDA MUKA YI AIKIN

Na farko, muka kwashe kujeru, da tabarma, da duk abin da wuta za ta ci. Muka wanke motar sama da ƙasa, muka bar ta ta bushe kwana 2.

Na biyu, muka cire batir, muka sauke tankin mai, muka kai shi nesa. Kada ku yarda a kusanto da wutar walda ga tanki, ko an ce babu mai a ciki. Tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Muka ajiye bokitin ruwa da na rairayi kusa, muka kori yara.

Na uku, muka kankare da burushin waya da takardar nan mai kaushi, har farin ƙarfe ya fito. Sai a lokacin girman ciwon ya bayyana. Ramin da ido ya gani kamar tafin hannu, ashe ya kai faifai.

Na huɗu, yanka. Nan ne gaskiyar mai aiki take. Ana yanke ruɓaɓɓen wuri duka, a ɗan shiga cikin mai lafiya. Tsatsa kamar gara ce a jikin azara. Idan ka bar kaɗan, za ta dawo. Mai son sauri sai ya ɗora faci a kan tsatsa. Ruwa ya shiga tsakanin biyun, bayan damina ɗaya ko biyu a koma gidan jiya.

Na biyar, muka auna ramin da kwali, muka yanko sabon ƙarfe daidai da shi. Kaurinsa ya zama kamar na motar, wajen milimita 1 a daɓe, fiye da haka a wuraren da ke ɗaukar nauyi. Ba a sa kwanon rufin ɗaki. Ba shi da kauri, kuma idan wuta ta taɓa shi yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi. Wanda zai yanka tsohon duro, ya cika shi da ruwa tukuna, don duron da ya taɓa cin fetur ya sha fashewa a hannun masu walda.

Na shida, walda. Ba a bi a ja wuta tiryan-tiryan, ƙarfen zai lanƙwashe. Ana ɗiga nan, a tsallaka can, a bari ya huce, a dawo, har layin ya haɗe babu ƙofa. Mai walda ya sa baƙin tabarau. Ku kuma masu kallo ku kau da ido.

Na bakwai, muka goge waldar ta kwanta, muka share ƙura da maiƙo, muka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, ciki da waje, a ranar. Ba a barin tsiraren ƙarfe ya kwana, raɓa kaɗai ta isa ta fara cinsa.

Na takwas, mastik. Ba haramun ba ne, amma aikinsa daidaita fuska kawai. Kada ya wuce milimita 2 ko 3. Mastik ba ya ɗaukar nauyi, ba ya toshe rami.

Na tara, fenti. Muka zaɓi safiya marar iska, muka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ranar da hunturu ya taso da hazo ba a fenti. Ƙarƙashin mota muka shafe da baƙin fenti mai kauri irin na kwalta. Cikin ƙofofi da dokin ƙofa muka zuba ɗan mai. Muka sa sabuwar salansa da sabuwar robar ƙofar baya, domin doguwar mota ta nan take zuƙo hayaƙinta idan tana gudu.

Aikin ya ci mako 6. Ƙanena ya yi ta ƙorafi, kasuwa na wuce shi. Na ce masa: "Ƙanena, gara kasuwa ta wuce ka da a ce rai ya salwanta a hannunka." Yau motar tana nan tana aiki, wasunku sun shige ta.

Amma in gaya muku gaskiya, ba kowace mota ke gyaruwa ba. Idan dokin ƙofa biyu sun tafi, mazaunin ƙafafun gaba ya ruɓe, ƙofofi sun daina rufuwa daidai, to ƙashin ya karye. A cire inji da sauran kaya masu amfani, a sayar da gangar ga maƙera. Mai aikin kirki zai faɗa maka haka, ko da ya rasa ciniki.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Direbobi, ga naku. Idan kun dawo daga kasuwa da dabbobi, ku wanke cikin mota a ranar. Kafin ku ɗora gishiri, ko kanwa, ko taki, ku shimfiɗa leda mai kauri. Da damina ku riƙa ɗaga tabarma daɓe ya bushe. A gindin kowace ƙofa akwai ƙananan huji na fitar ruwa, ku riƙa tsokane su da tsinke. Idan fenti ya kwarzane, ku goge ku shafa ja kafin ruwan fari. Kada ku lafta kaya a kan kariya fiye da ƙima, nauyi na tsaga rufi, ruwa ya bi tsagar. Baƙin mai kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya ko fadama.

Manoma, wannan dabara taku ce ku ma. Amalanke, da garmar shanu, da ƙofar ƙarfe, da baro, duk ciwonsu ɗaya. Idan aikin gona ya ƙare, a wanke, a busar, a shafa mai, a ajiye cikin inuwa, a ɗora a kan itace ko dutse don kada su taɓa ƙasa.

INA AMFANIN KARATUNKU A NAN?

Da ƙanena ya iya rubutu a lokacin, da bai yi asara haka ba. Ku da kuke koyo, idan za ku ba da aikin mota, ku ɗauko takarda ku rubuta abu 4: wuraren da za a yanke, irin ƙarfen da za a sa, kuɗin aiki da abin da aka ba da kafin alƙalami, da ranar gamawa. Kai ka sa hannu, mai aiki ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Ka ce sai ka ga waldar da idonka kafin a rufe ta da fenti. Ka karɓi guntayen da aka yanke. Mai wayar hannu ya ɗauki hoto. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba. Wanda ya ƙi, ka ɗauke motarka.

Karatun nan kuma shi zai ba ka damar karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin fenti, da auna milimita, da rubuta ranar da aka yi gyara a littafinka. Ni sai da na girma na shiga aji irin naku. Kafin nan da igiya da tsinke nake awo.

Ku kuma masu shiga mota, kuna da baki. Idan kun ga ƙasa ta ƙarƙashin ƙafarku, ko kun ji hayaƙi a ciki, ku gaya wa direba da shugabannin tasha cikin ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Iyakar abin da na zo da shi ke nan. Mai tambaya ya yi, ga maganaɗisuna na zo da shi, mu fita waje in nuna muku a jikin mota. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.