Jinga Ba Lasisi: Yadda Kalifoniya Ke Hukunta Mai Gyaran Gida Ta Aljihunsa

 

Zan fara da wani hukunci da kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Kalifoniya, a Amurka, ta yanke a shekarar 2010. Wani mai gida ya ba wani ƙaramin kamfani jingar gyara masa farfajiyar gidansa, kuma tun ranar da suka ƙulla magana ya san kamfanin ba shi da lasisin kwangila. Aiki ya yi nisa, ya biya dala 57,500, sai suka ɓata. Ya shigar da ƙara yana neman a mayar masa da kuɗinsa kaf. Kotu ta ba shi gaskiya, har da kuɗin kayan da kamfanin ya saya ya zuba a gidan. Ta ce saninsa da rashin lasisin bai rage masa komai ba. Aiki ya zauna a gidansa, kuɗi ya koma aljihunsa.

Na san akwai waɗanda ransu ya sosu da jin wannan, kuma ni ma ina tare da su. Amma kafin mu yanke wa dokar hukunci, ya kamata mu ji abin da ya haife ta.

A shekarar 1929 Kalifoniya ta kafa hukumar ba 'yan kwangila lasisi, wadda a yau ake taƙaita sunanta da CSLB. Ƙa'idar ita ce duk wanda zai karɓi aikin gini ko gyaran gida da ya kai wani adadi, in an haɗa kuɗin hannu da na kaya, sai ya riƙe lasisi. Shekaru da yawa adadin dala 500 ne. Daga watan Janairun 2025 aka ɗaga shi zuwa dala 1,000, bisa sharaɗin aikin ba ya buƙatar izinin gini kuma mutum bai ɗauki ma'aikata ba. A ƙasar da sauya bututun banɗaki kaɗai kan iya cinye wannan kuɗi, kusan duk aikin kirki ya faɗa ƙarƙashin dokar: rufi, tayil, fenti, wayarin, sabunta kicin.

Samun lasisin ba wasa ba ne. Mai nema zai nuna ya yi shekara huɗu yana aikin a matsayin ƙwararre, ya ci jarrabawa biyu, ɗaya a kan sana'arsa ɗaya a kan doka da tafiyar da kasuwanci, a ɗauki hoton yatsunsa, sannan ya ajiye takardar lamuni ta dala 25,000, wadda kafin 2023 dala 15,000 ce. Idan yana da ma'aikata, dole ya yi musu inshorar rauni a wurin aiki. Mai lasisin ma ba a sake masa mara ba: a aikin gyaran gida, kuɗin kafin alƙalami ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na jingar ba, ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Wanda ya taɓa ba birkila rabin kuɗi ya wayi gari wayarsa a kashe ya san amfanin wannan sharaɗi.

To, me ke samun wanda ya tsallake wannan ƙofa? Akwai hukuncin laifi: a karon farko, ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida ko tarar da za ta iya kaiwa dala 5,000, ko duka biyun. A karo na biyu akwai ɗaurin kwana 90. Idan kuma a yankin da aka ayyana dokar ta-ɓaci saboda bala'i aka yi, kamar bayan gobarar da ta cinye garin Paradise a 2018 ko ta Los Anjalis a Janairun 2025, ana iya tuhumar mutum da babban laifi, domin a irin wannan lokaci ne mazambata ke bin waɗanda gidajensu suka ƙone. Ba zan daɗe a nan ba. Akwai kuma tarar da hukumar ke sakawa da kanta ba tare da an je gaban alƙali ba, wadda za ta iya kaiwa dala 15,000. Jami'anta kan yi shigar burtu: su zauna a wani gida kamar masu shi, su kira masu tallan gyaran gida, duk wanda ya yanka farashin da ya haura ƙa'ida ba lasisi a miƙa masa sammaci.

Amma jami'an hukuma nawa ne, gidaje nawa ne a jihar da ke da mutane kusan miliyan 39? Ƙaramar tara ga mai cin jingar dubu hamsin, ai sai ya lissafa ta cikin kuɗin mai da na abinci. Shi ya sa ainihin ƙarfin dokar yake wani wuri dabam, a sashe na 7031 na kundin dokokin kasuwanci da sana'o'i na jihar, kuma a nan nake so mu tsaya.

Sashen yana da hannu biyu. Na farko ya ce ɗan kwangilar da ba shi da lasisi a kowane lokaci na aikin ba zai iya kai mai gida kotu neman kuɗinsa ba, komai kyawun aikin. Na biyu, wanda majalisar jihar ta ƙara a 2001, ya ce mai gida na iya kai ƙara ya karɓe duk abin da ya riga ya biya. Wato doka ta ɗauki sandar hukunci ta damƙa wa mai gida. Ba sai an jira jami'i ya zo ba, duk abokin ciniki ya zama mai iya hukuntawa.

Kotun ƙolin jihar ta nuna iyakar tsananin hannun farko a 1991. Kamfanin Hydrotech, daga jihar Niyu Yok, ya ƙware wajen ƙera na'urar tayar da igiyar ruwa a wuraren ninƙaya. Masu wurin shaƙatawa na Oasis, a garin Palm Springs, suka ba shi aikin dala 850,000. Kamfanin ya ce ya gaya musu ba shi da lasisin Kalifoniya, kuma ya so ya sayar da na'urar kawai, su ne suka lallashe shi ya yi aikin da alƙawarin za su biya. Da aka gama, suka riƙe masa sama da dala 110,000. Ya kai ƙara, har da zargin yaudara. Kotu ta ce ko da duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ba zai karɓi ko sisi ba, domin majalisa ta riga ta auna zaluncin da zai iya samun ɗan kwangila ɗaya da amfanin tsoratar da sauran, ta zaɓi tsoratarwar. A 2005 kotun ta ƙara ɗaure igiyar a shari'ar kamfanin MW Erectors, wanda ya fara aikin ƙarfe a wani otal makonni kaɗan kafin lasisinsa ya fito. Waɗannan 'yan makonni suka hana shi neman kusan dala miliyan ɗaya.

Akwai 'yar kafa, amma ƙunƙuntacciya ce. Wanda ya taɓa riƙe lasisi, ya yi iya ƙoƙarinsa na kiyaye shi, kuma ya gaggauta gyara da ya gano matsala, kotu na iya yi masa uzuri. Wanda bai taɓa riƙewa ba, babu ruwansa da wannan rangwame. A 2020 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ce mai neman a mayar masa da kuɗinsa shekara ɗaya kacal gare shi, kuma dalilin da ta kafa shi ne cewa wannan mayarwa hukunci ce, ba diyyar asara ba. Ku riƙe wannan, domin kotun da kanta ta faɗi abin da nake son faɗa.

Ba Kalifoniya kaɗai ba ce. A birnin Niyu Yok, aikin gyaran gida da ya haura dala 200 na buƙatar lasisi, hukuma na iya kama motar wanda ba shi da shi, kuma kotun ƙolin jihar ta tabbatar a 1990 cewa ba zai iya neman kuɗinsa ba. Fulorida ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta tilastuwa daga ɓangaren ɗan kwangila. Tekzas kuwa ba ta da lasisin jiha ga babban ɗan kwangila, sai ga masu wayarin da masu aikin famfo da makamantansu. Ƙasa ɗaya, hanyoyi dabam-dabam, kuma Kalifoniya na cikin masu tsananin gaske.

Yanzu ga ra'ayina, kuma zan faɗe shi a fili. Manufar dokar daidai ce. Gyaran gida ciniki ne da mai saye ba ya ganin abin da ya saya: wayar da aka binne a bango, katakon da ke bayan silin, bututun iskar gas. Sai bayan shekara biyu ko biyar aibin ke fitowa, wani lokaci da wuta. Galibin waɗanda ake cuta tsofaffi ne da gidan shi ne duk abin da suka tara. Kuma ɗan kwangilar da ya bi ƙa'ida, ya biya lamuni da inshora, ba zai iya gogayya da wanda bai biya komai ba. Saboda haka hana marar lasisi amfani da kotu wajen cin ribar aikin da doka ta hana shi, ina ganin yana da hujja.

Inda na rabu da dokar shi ne ƙwace komai ba tare da duba ko an yi ɓarna ba. Malamanmu na fiƙihu da ke nan sun san mazhabar Malikiyya ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane da ke hannunsu, saboda maslahar jama'a, ba ta yi musu sassauci ba. Amma a ijarar da ta ɓaci bayan an riga an yi aikin, abin da aka sani shi ne a ba ma'aikaci ladan da ake ba irinsa. An hukunta kuskure, ba a cinye gumi ba. Dokar Kalifoniya ta toshe wannan hanya da gangan. Sakamakon shi ne kafintan da ya yi aiki mai kyau da ɓarawon da ya gudu da kafin alƙalami hukuncinsu na dukiya ɗaya ne, har ma na kafintan ya fi zafi, tunda shi ana samunsa a gida, ɓarawo kuwa ya yi layar zana. Sannan mai gidan da ya zaɓi marar lasisi da saninsa, don araha, shi ne ke tashi da riba biyu. Dokar da aka yi don kare mai rauni ta zama makami a hannun mai wayo.

Wa ke aiki ba lasisi? Da yawa baƙi ne 'yan ci-rani, masu hannu a sana'a amma Turanci da takardu sun yi musu katanga. Wani rahoton Fadar Shugaban Amurka na 2015 ya nuna cewa a shekarun 1950 ƙasa da kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar ke buƙatar lasisin jiha, amma adadin ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masana tattalin arziki irin su Morris Kleiner sun daɗe suna nuna cewa lasisi na ƙara farashi kuma yana tsare waɗanda suka riga suka shiga daga gasar masu tasowa. Duk tsananin da za a yi wa na waje, adalcinsa ya rataya ne a kan faɗin ƙofar shiga.

A nan dole in yaba wa jihar. Tun 2016 take karɓar lambar biyan haraji a madadin lambar da 'yan ƙasa da masu izinin aiki kaɗai ke samu, abin da ya buɗe wa baƙi hanyar neman lasisi. A 2021 kuma ta ƙirƙiro wani rukunin lasisi na musamman ga masu gyaran gidajen zama, domin mutumin da ya ƙware a fenti da tayil da kabad ba sai ya nuna ya iya tayar da gini daga tushe ba. Waɗannan matakai biyu sun fi ƙarin tara amfani a ganina.

Kada kuma mai gida ya ɗauka shi kullum a inuwa yake. A dokar ƙwadago ta jihar, wanda ke aikin da ke buƙatar lasisi alhali ba shi da shi ana iya ɗaukarsa ma'aikacin wanda ya kira shi. Idan ya faɗo daga kan rufi ya karye, mai gida na iya samun kansa a kotu yana amsa tambayar kuɗin asibiti. Sannan takardar da kotu ta ba shi cewa a mayar masa da kuɗi takarda ce kawai in wanda ake bi ba shi da komai. Shi ya sa tsarin jihar Maryland da na birnin Niyu Yok ya burge ni: masu lasisi na zuba kuɗi a wani asusu, wanda mai lasisi ya cuta a biya shi daga ciki. Wannan na ba mai gida dalili na zahiri na neman mai lasisi tun farko.

Ɗalibai za su tambaye ni me ya haɗa mu da wannan. A biranenmu na da, Kano da Zariya, akwai Sarkin Magina, wanda ya san kowane magini da wanda ya koya masa, kuma a wurinsa ake kai kuka. Gari ya faɗaɗa, wannan sanayya ta yi rauni. Hukumomin da muke da su, COREN ta injiniyoyi da CORBON ta magina masu rajista, hankalinsu ya fi karkata ga masu takardar makaranta da manyan gine-gine, alhali mai yi wa gwauruwa rufin ɗaki biyu babu mai lamuntarsa. Ranar da majalisun jihohinmu za su zauna kan wannan, akwai abin ɗauka daga Kalifoniya: ƙayyade kafin alƙalami, rubuta yarjejeniya, da rajistar da kowa zai iya dubawa a wayarsa. A ƙara da asusun biyan wanda aka cuta, a sauƙaƙa jarrabawa ta zama ta aikin hannu kuma cikin harshen da magini ke ji. Batun mayar da kuɗi kuwa, a auna shi da ɓarnar da aka yi: a cire wa marar lasisi ribarsa, a ci shi tara ta shiga asusun, a bar masa kuɗin kayan da ya saya da ladan leburorinsa, sai fa in aikin ya lalace ko ya yi ƙaryar yana da lasisi.

A nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.