Jawabin Yaye Matasa Manoman Rani a Sifawa

 

Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. 'Yan'uwa na Boɗinga da Shagari da kuka yi sammako, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa, assalamu alaikum.

A garin nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan Boɗinga. Saboda haka ba a Sifawa za a koya wa mutane hukuncin ruwa ba. Duk wanda ya buɗe Ishmawi ya san ana duba launi da ɗanɗano da wari. Shi ya sa ban ga laifin dattijon da ya yamutsa fuska ba da ya ji wai yara na koyon ban-ruwa da ruwan kwata. Sai dai ina tuna masa cewa tun 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawa cewa ruwan da aka tace har ƙazantarsa ta gushe ya koma mai tsarki.

Mu kuwa ba na alwala muke nema ba, na lambu ne. Kuma maganar gaskiya, mun daɗe muna cin abin da ruwan kwata ya shayar. A Kano, masu lambu a bakin Jakara da shi suke noman latas da kabeji da karas, haka a bakin Kubanni a Zariya. Ba ya ƙafewa da rani, ga shi da takinsa. Illarsa, ɗanye yake shiga kwami, da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin amai da gudawa.

Abin da kuka koya ba ya bukatar wutar lantarki, wadda dama ba mu cika ganinta ba. Tafkuna ne a jere. Na farko mai zurfi, can laka take kwantawa. Na biyu gansakuka ce ke aiki, tana ba ƙananan halittu iskar da suke cinye dauɗa da ita. Na ƙarshe bai fi mita ɗaya ba, don rana ta ratsa shi. Ranar nan da muke kuka da ita a watan Afrilu, ita ce injinmu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1989 shi ne kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a cikin lita. Maƙwabtanmu na Wagadugu suna da irin waɗannan tafkuna a unguwar Kosodo.

Inda nake jin tsoro shi ne gaggawa. Ruwan yana son kamar mako uku kafin ya fito. Wata rana albasa za ta fara langaɓewa, mai lambu ya zo yana roƙonku da girman Allah ku bar shi ya jefa tiyo a tafkin farko. Wataƙila kawunku ne. Ku ce masa, Kawu, a yi haƙuri. Ranar ce za a san ko kun ci wannan takarda.

Sannan rana ba ta kashe ƙarfe. Sinadarin kuromiyam da masana'antun jima na Bompai da Challawa ke zubarwa, ko shekara ya yi a tafki yana nan. Kada ku bari ruwan majema ko baƙin man gareji ya haɗu da naku. Ku sa takalmin roba, ku tsayar da ban-ruwa kwanaki kafin ɗiba, musamman ganyen da ake ci ɗanye.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi, roƙonmu fili ne a bayan gari, da shinge saboda yara da dabbobi, da ɗan abin yashe laka.

Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Ranka ya daɗe, muna neman izini a fara kiran sunaye.